'Yata ta dawo hutu ta daina magana: wa ya kamata ya fara lura?

Maman 'Yan Mata: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ku yi haƙuri, maganata za ta ɗan yi tsawo, abin ne ya tsaya mini a rai tun makon jiya. Babbar 'yata tana aji biyu na babbar sakandare a wata makarantar kwana ta 'yan mata. Yarinya ce mai surutu, idan tana gida har sai na ce ta bar kunnena ya huta. Wannan hutun da ta dawo sai na ga kamar an musanya mini ita. Ta rame, idonta ya yi fari fat, abinci sai ta tsakura ta ture kwano. Cikin dare ina jin juyinta, ba ta barci. Na tambaya har na gaji, amsarta ɗaya ce, "ba komai Mama". Sai da ƙawarta ta ɗaki ta zo gaishe ni, a bakinta na ji cewa sau uku tana yanke jiki ta faɗi a asambuli a zangon nan. Sau uku, jama'a. Ba a kira ni ba, ba a kira babanta ba, alhali lambobinmu suna cikin fayil ɗinta. Idan ta faɗi sai a yayyafa mata ruwa, a kai ta sikbe, wato ɗakin jinya na makaranta, a ba ta farasitamol, ta koma aji. A na ukun ma cewa aka yi iska ce, aka tara ɗalibai suka yi mata karatu a ka.

Mun kai ta asibiti, aka auna jini aka ce ya yi ƙasa sosai. Ashe wata biyar ke nan al'adarta tana yi mata yawa, kunya ta hana ta faɗa. Da likitar ta ce in ba su wuri, a nan ta fashe da kuka, ta ce wasu siniyoyi ne suka sa ta a gaba. Wankinsu nata, ɗibar ruwansu nata, madara da sukari da garin kwakin da muke kai mata ranar ziyara kuwa ko kwana biyu ba sa yi a akwatinta.

Ba don in ɓata sunan makaranta na kawo maganar ba, shi ya sa ban ambace ta ba. So nake malamai da ma'aikatan lafiya da ke zauren nan su faɗa mini: mene ne haƙƙin yaro a wuyan makaranta game da lafiyar jikinsa da kwanciyar hankalinsa? Ko ni ce na sa rai da abin da ba aikinsu ba?

Baban Auta: Wa alaikumus salam. Subhanallah. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne.

Mai Kula da Zaure: Amin. Don Allah kowa ya yi magana a kan batun, kada a kira sunan makaranta ko na malami.

Tsohon Firinsifal: Hajiya, sannu da jinya. Aikinsu ne, ba ki nemi abin da ya wuce ƙa'ida ba. Tun 2006 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da manufar kula da lafiya a makarantu, kuma abin da ke ciki bai tsaya ga ɗakin magani ba. Akwai ruwan sha da banɗaki, akwai ciyarwa, akwai koyar da tsafta da kiwon lafiya a aji, akwai duba lafiyar yaro lokacin da aka ɗauke shi, akwai kuma hulɗa tsakanin makaranta da gida. Wannan na ƙarshen shi aka tauye miki.

Amma bari in faɗa miki yadda abin yake daga ciki, don na shekara goma sha ɗaya ina riƙe da makarantar kwana. Ɗalibaina sun haura dubu, ma'aikaciyar lafiya ɗaya ce, ita ma ƙarfe biyu take tashi. Daga nan har wayewar gari metiron ce likita, ita ce nas, ita ce uwa. Kabad ɗin magani kuwa farasitamol ne da maganin zazzaɓin cizon sauro da jan magani na ciwo, su ma sau da yawa daga kuɗin PTA muke saye. Duk da haka, rashin kuɗi bai hana kiran waya. A lokacina doka na kafa: duk yarinyar da ta kwana a sikbe ko ta suma, kafin magariba iyayenta su ji daga bakinmu. Wannan katin waya na naira ɗari ya ishe shi.

Sista Nas: Baba Firinsifal ya faɗi gaskiya. Ni abin da ya fi ƙona mini rai shi ne a ce sau uku ba wanda ya janyo fatar idonta ya duba. Ko daƙiƙa goma ba za a yi ba. Ka duba cikin fatar ido ta ƙasa, ka duba tafin hannu da farce, idan sun yi fari ka san akwai alamar ƙarancin jini, sai a tura asibiti a auna. Ba sai da na'ura ba.

Kuma sikbe ba gado da farasitamol ba ne kawai, littafi ne. A rubuta sunan yaro, ajinsa, ranar da ya zo, abin da ya kawo shi, abin da aka ba shi. Duk ƙarshen mako a buɗe a duba sunan da ya maimaitu. Yaron da ya zo sau uku a wata da ciwon kai ko ciwon ciki, ko dai akwai cutar da ba a gano ba, ko kuma akwai abin da yake gudu a aji ko a ɗakin kwana. Dukansu biyu suna buƙatar a zaunar da shi a tambaya. Yara da yawa ba su iya cewa "ina cikin damuwa" ba, sai jikinsu ya faɗa a madadinsu.

Game da 'yan mata kuma, ƙarancin jini ya yi musu yawa saboda ga girma ga al'ada, ga abincin makaranta da kowa ya sani, gabza da miyar da sai ka yi nitso kafin ka ga nama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba 'yan mata masu al'ada ƙwayar ƙarin jini sau ɗaya a mako a wuraren da matsalar ta yawaita. Ko ba a kai ga haka ba, wake da zogale da alayyafo ba su fi ƙarfin kicin ɗin makaranta ba. Hajiya, a gida ki haɗa mata da hanta idan da hali, kuma ta daina korar abinci da shayi, yana rage wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarin jinin.

Baban Auta: Sista, maganar jini na yarda. Amma wannan maganar damuwa ni har yanzu ban gane mata ba. Yaron da ba ya biyan haya, ba ya cefane, ba ya biyan kuɗin makaranta, damuwar me gare shi? Mu ma mun yi makarantar kwana, siniyoyi sun ba mu gwale-gwale, mun yi wanki mun yi noma, ga mu nan mun zama mutane. Ina tsoron kada mu lalata yaran nan da shagwaɓa.

Tsohuwar Ɗalibar Kwana: Yaya, ku da kuka zama mutane ku muke gani a zaure. Waɗanda ba su kai ba ai ba sa nan balle su ba da labari. A ɗakinmu akwai wata yarinya 'yar ƙauye, shiru-shiru, tana fitsarin kwance. Kullum da safe sai a fito da katifarta tsakar hostel a sa ta tsaya kusa da ita, ana yi mata waƙa. Ina cikin masu dariyar, Allah ya yafe mini. A zango na biyu aka kai ta gida hutu, ba ta sake dawowa ba. Ita ce ta fi mu duka iya lissafi. Shekara ashirin ke nan, har yau idan na ga katifa a rana sai gabana ya faɗi. Da a ce metiron ta kira ta gefe ta ba ta leda, ta riƙa tashinta cikin dare, ta kuma tsawatar mana sau ɗaya tak, da wataƙila yanzu wani labarin ake yi.

Malama Mai Ba da Shawara: Baban Auta, ba kai kaɗai ke da wannan fahimtar ba, iyaye da yawa haka suke ce mini. Amma alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa cikin kowane yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan matsaloli suna farawa ne kafin yaro ya wuce shekara 14. A ajin mutum saba'in ka lissafa da kanka. Kuma ba hauka ake nufi ba, wannan kalmar ce take sa mutane su toshe kunne. Fargaba ce mai hana barci, baƙin ciki ne da ya ƙi wucewa, yaro ya daina jin daɗin abin da da yake so. Wanda aka saki uwarsa yana zaune a hannun kishiya, wanda ubansa ya rasu aka ce masa namiji ba ya kuka, wadda aka ce ana gama jarrabawa za a ɗaura mata aure da wanda ba ta so. Duk suna zaune a aji sanye da yunifom iri ɗaya.

Ita kanta gwamnati ta sauya. A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 da muka gada tun zamanin Turawa.

Ofishina fa, gaskiya, a makarantu da yawa suna ne kawai. Malamin da ba a samo masa darasi ba shi ake ba "gaidans", a ajiye masa tebur a cikin ofishin malamai. Wace yarinya ce za ta zo ta faɗi sirrinta a gaban malamai goma sha biyu? Kuma wallahi na sha gani, yarinya ta faɗa wa malama abu da safe, kafin a tashi ya zama hirar ofis. Daga ranar an rufe ƙofar ke nan, ba ita kaɗai ba, har ƙawayenta. Ni da na samu ɗan sito aka share mini, na sa labule da kujeru biyu, a wata na farko ba wadda ta leƙo. Sai da suka gwada ni da ƙananan maganganu suka ga ba su fita ba, sannan manyan suka fara zuwa.

Malamin Islamiyya: Ina da magana a kan batun iska, don na ga kamar ana neman a mayar da shi camfi. Aljanu gaskiya ne, Alƙur'ani ya tabbatar da su, ruƙya kuma ta tabbata a sunna. Wannan ba abin ja ba ne. Inda nake tare da ku shi ne, ba kowace faɗuwa ce aljani ba, kuma Manzon Allah (SAW) ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Yarinyar da jininta ya ƙare, ka karanta mata abin da za ka karanta, amma ka kai ta a auna ta. Barin ta a haka sakaci ne da amana. Kuma tara ɗalibai a kan yarinya ana ihu, ko a riƙa dukanta wai aljanin ake duka, ko a turnuƙe ta da hayaƙi, wannan ni ban san inda aka samo shi ba. Cutarwa ce.

Tsohuwar Ɗalibar Kwana: Malam, yayyenmu suna ba mu labarin Sumbuƙa, faɗuwar ɗalibai da aka danganta da iska, da aka yi a makarantun 'yan mata na Kano a shekarun 1990. Mu ma a zamaninmu an yi irinsa. Ɗaya za ta faɗi, kafin ka ce kwabo goma sun zube. Kuma na lura ya fi tashi dab da jarrabawa.

Sista Nas: Ba zan shiga fagen Malam ba. Abin da na sani a aikina shi ne firgici yana yaɗuwa tsakanin mutanen da ke cikin matsi ɗaya, musamman idan ga yunwa ga rashin barci ga tsoron jarrabawa. Ba ƙarya yaran suke yi ba, da gaske jikinsu ke yi. Abin da ke kwantar da shi: a ɗauke ta farkon zuwa wuri mai iska, a kori 'yan kallo, babba ɗaya mai natsuwa ya zauna da ita. Taron da ake yi a kanta shi ke ƙara wa wutar fetur.

Sannan a bambance da farfaɗiya, don ita ma ana ce mata iska. Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu, kowa ya cire wannan daga ransa. Kada a cusa cokali a baki, kada a ɗura ruwa ko manja, kada a danne yaro. A kawar da abin da zai ji masa ciwo, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, idan jijjigar ta lafa a juya shi ya kwanta ta gefe. Idan ta wuce minti biyar, asibiti kai tsaye. Wannan ya kamata kowane malami da kowane firifet ya sani.

Malamar Aji Biyu: Ku kuna maganar sakandare, ni bari in ja ku firamare, don a nan ake fara ɓarin. Yara 90 da 'yan kai ne a ajina. Da ƙarfe goma ta yi za ka ga kawuna sun fara faɗuwa a kan benci. Ba lalaci ba ne, ba su karya ba. Idan aka fita tara, mai naira hamsin ya sayi awara ko ɗanwake, marar ita ya tsaya jikin bango yana kallo. Lokacin da shirin ciyarwa na gwamnatin tarayya yake aiki, wanda aka fara a 2016 ga 'yan aji ɗaya zuwa uku a kan naira 70 kowane yaro, duk da ƙorafin da muke yi cewa abincin bai taka kara ya karya ba, wallahi aji ya fi cika kuma yaran sun fi sauraro. A Janairun 2024 aka dakatar da shi tare da sauran shirye-shiryen tallafi, mu a aji muka fara ganin bambancin.

Akwai wani yaro da na gada daga aji ɗaya, an riga an yi masa suna daƙiƙi. Ba ya kwafar komai daga allo, kullum sai ya sha bulala. Wata rana na ga yana ƙanƙance ido yana leƙa littafin na kusa da shi. Na dawo da shi benci na gaba, na rubuta harafi babba na ce ya karanta, ya karanta tsaf. Na koma da shi baya, shiru. Na aika aka kira mahaifiyarsa. Gilashi kawai yake buƙata. Shekara guda ana dukan yaro a kan abin da ba ya gani.

Sai banɗaki. Namu biyu ne ga makaranta gaba ɗaya, babu ƙofa babu ruwa. 'Yan matan aji shida da suka fara girma gida suke tafiya, kuma idan sun tafi ba sa dawowa ranar.

Ɗan Kwamitin SBMC (kwamitin al'umma mai kula da makaranta): Malama, maganar banɗaki mu ta ɓangaren sakandare mun ɗan samu sauƙi da shirin AGILE na Bankin Duniya mai tallafa wa ilimin 'yan mata, wanda Kano da Kaduna da Katsina da Kebbi da Borno suna cikin jihohin farko. Da kuɗin gyaran da aka ba kwamiti muka gyara banɗakunan 'yan mata muka ja ruwa. Amma na koyi darasi: gini ba shi ne ƙarshe ba. Bayan wata huɗu famfo ya lalace, aka rasa mai sayen abin dubu uku, aka sa kwaɗo aka rufe. Sai da muka ware wani abu duk zango don gyara da sabulu, muka kuma ajiye audugar mata a wurin wata malama da yaran suka zaɓa da kansu, ba wadda muka zaɓar musu ba.

Wani abin kuma da makaranta ke iya yi ba da kuɗinta ba shi ne buɗe ƙofa ga ma'aikatan lafiya. Maganin tsutsar ciki da na tsargiya kyauta ake rabawa. Amma sai an yi wa iyaye bayani tun kafin ranar, a kuma ce yaro ya ci abinci ya ƙoshi, don na tsargiyar idan aka sha da yunwa yana sa jiri da amai. Yaro ɗaya ya yi amai, gari ya ɗauka an ba yara guba, iyaye su zo su kwashe 'ya'yansu. Haka aka sha fama da jita-jita lokacin rigakafin kansar bakin mahaifa da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Oktoban 2023. Kuma duk wanda ya ga yadda mashaƙo ya yi ɓarna a Kano a 2023, ko sanƙarau a makarantun kwana na Yobe a farkon 2024, ya san cunkoson ɗakin kwana da rashin rigakafi ba abin wasa ba ne.

Baban Mai Sikila: Ni roƙona ga malamai ɗaya ne. Ɗana yana da sikila. Na rubuta a fom, na faɗa wa hedimasta baki da baki. Amma malamin da ke bakin ƙofa bai sani ba. Ranar da ya makara cikin hunturu aka sa shi tsallen kwaɗo, aka kuma tsayar da shi a iska ba rigar sanyi don wai ba ta cikin yunifom. Daren nan a asibiti muka kwana, kwana shida yana kuka da ƙasusuwansa. Abin da yaron nan yake buƙata bai fi a bar shi da gorar ruwansa a aji ba, a bar shi ya fita fitsari idan ya nema, a bar shi da rigar sanyinsa, kada a sa shi aikin ƙarfi. A ƙasar da ake haifar jarirai kusan 150,000 da sikila duk shekara, da wuya a samu makarantar da babu irinsa. Bayanin kada ya kwanta a fayil, ya isa ga duk malamin da zai riƙe bulala.

Malamin Motsa Jiki: Allah ya ƙara masa lafiya. Ni darasina shi ne marayan jadawali. Da zarar jarrabawa ta matso, shi ake fara ɗauka a ba malamin lissafi. Makarantun kuɗi da yawa kuma gidan haya ne aka yanka ɗakuna, ko filin da za a shimfiɗa tabarma babu. Na gwamnati masu fili, wasu an zagaye su da shaguna. Alhali abin da masana lafiya suka ce shi ne yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla awa ɗaya a rana yana motsa jiki har ya yi gumi. Ba sai da kayan Turawa ba. Langa, tsallen igiya, 'yar gala-gala, ƙwallon tsumma, duk sun isa. Kuma ni a fili nake gane yaron da ke da matsala tun kafin malamin aji ya gane. Wanda kullum shi ke fara zaɓar 'yan wasa, yau ya koma gindin bishiya ya haɗa kai da gwiwa, ka san da magana.

Sannan iyaye mu duba jadawalin da muka ɗora wa yaran nan. Hadda bayan asuba, boko bakwai da rabi zuwa biyu, lesin zuwa huɗu, islamiyya zuwa magariba, makarantar dare, sannan aikin gida. Matashi yana buƙatar barcin awa takwas zuwa goma. Yaushe zai yi shi?

Malamin Islamiyya: Malam, na ga duk lokacin da aka zo rage wa yaro kaya, islamiyya ake fara kallo. Me ya sa ba a rage lesin ba?

Malamin Motsa Jiki: Allah ya gafarta Malam, ban ce a taɓa islamiyya ba, nawa yaran ma suna zuwa. Da za a bi tawa, lesin ɗin nan na bayan tashi shi zan fara cirewa, don yawancinsa neman kuɗi ne. Cewa nake a zauna a lissafa awannin yaron gaba ɗaya, tunda jikin ɗaya ne.

Malamin Islamiyya: To a nan mun haɗu. Mu ma mun mayar da Alhamis da Juma'a hutu cikakke, kuma mun hana bulala a ajin ƙanana. Haddar ba ta ragu ba.

Malama Daga Zamfara: Ina ta karantawa ban yi niyyar magana ba. Mu nan abin da ke damun yaranmu ya wuce abinci. Tun bayan ɗaukar 'yan matan Jangebe a Fabrairun 2021, wata biyu da ɗan kai bayan na Ƙanƙara, yaro ba ya shiga aji da zuciya ɗaya. A ajina akwai waɗanda aka kora daga ƙauyukansu, akwai wadda a gabanta aka harbe mahaifinta. Babura uku su wuce tare a bayan katanga, za ka ga yara sun shige ƙarƙashin benci. Ba mu da likitan ƙwaƙwalwa a kusa, sai an yi tafiya zuwa irin asibitin Kware a Sakkwato. Abin da nake iya yi shi ne, kowace safiya ina tsayawa a bakin ƙofa in gaishe da kowa da sunansa. Ba na daka tsawa, ba na buga tebur. Ba na tilasta wa kowa ya ba da labarin abin da ya gani, amma wanda ya fara, ina ajiye alli in saurara. Mu malaman ma fa da namu tsoron muke zuwa, ga albashin da ba ya kai tsakiyar wata. Wani lokacin bulalar da malami ke yi, nasa ciwon ne yake saukewa a kan yaro.

Baban Auta: Innalillahi. Malama, Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Na ji bayananku, kuma maganar yarinyar katifa ta taɓa ni. Amma har yanzu ina ganin akwai horon da yaro ke buƙata, kada a ce komai damuwa ne.

Malama Mai Ba da Shawara: Ba wanda ya ce a bar horo, Yaya. Shara, noma a lambun makaranta, wankin kayanka da kanka, duk horo ne. Bautar da ƙarami da ƙwace masa abinci kuwa zalunci ne, ko da mu ma an yi mana. Abu ɗaya da nake roƙon kowa: idan yaro ya ce "gara in mutu" ko "da ban zo duniya ba", kada a ce rashin kunya ce ko raunin imani a wuce. A zauna da shi, a tambaye shi kai tsaye, kada a bar shi shi kaɗai, a sanar da iyaye ranar, a kai shi ga likita. A Kano akwai Dawanau da sashen ƙwaƙwalwa na asibitin Malam Aminu Kano, a Kaduna akwai na Barnawa, akwai na Maiduguri. Zuwa can ba ya nufin an haukace.

Maman 'Yan Mata: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ta fara shan maganin, jiya har ta cinye tuwonta ta nemi ƙari. Yanzu shawarar da ta rage: babanta ya ce a cire ta a mayar da ita jeka-ka-dawo, ita kuma ta ce tana son makarantarta da ƙawayenta, siniyoyin kawai take tsoro, kuma ta roƙe ni kada in faɗi sunansu don za su rama. Baba Firinsifal, ya kake gani?

Tsohon Firinsifal: Hajiya, tunda ita ta ce tana so, kada a cire ta tukuna, kada ta ga kamar ita aka hukunta. Ku je ke da babanta kafin a koma, ku ga firinsifal a ofis, ba a waya ba. Ku tafi da takardar likita, a sa kwafi a fayil, a ba metiron da ma'aikaciyar sikbe. Ku nemi a canza mata ɗaki, a kuma haɗa ta da malama ɗaya da ita yarinyar ta yarda da ita, wadda za ku riƙa kira duk mako. Sunayen kuwa ki faɗa wa firinsifal ita kaɗai, da sharaɗin ba za a tara su gaba da gaba ba. Mai hankali ta san yadda za ta yi sintirin dare ta kama su da hannunta, ba tare da an ce wance ce ta kai ƙara ba. Ki kuma gaya wa yarinyar abin da za ki yi kafin ki yi, kada ta ji daga baya. Idan an yi rabin zango ba ki ga canji ba, sai a bi shawarar babanta.

Ɗan Kwamitin SBMC: Maganar kiran iyaye da littafin sikbe zan sa su a ajandar taronmu na Asabar. Sista, ko za ki samu zuwa ki nuna wa malamai abin farfaɗiyar nan da duba ido?

Sista Nas: Ina da aikin safe, amma bayan la'asar zan iya. A tara har da firifet-firifet da masu gadi.

Maman 'Yan Mata: Litinin za mu je in sha Allah. Zan zaunar da ita yau da dare in faɗa mata tukuna. Sista, zan biyo ki ta bayan fage, akwai abin da nake son tambaya game da maganin, tana cewa yana sa mata tashin zuciya.